Tsallaka titi da yayana

Mun tashi da asuba daga Barnawa, daga ƙofar ɗakin ajiye gawa. Yayana muka ɗauko za mu kai ƙauye. A al'adarmu gawa ba ta barin gari sai ta tsaya a gidanta, gidan kuwa yana Kamazou. Mahaifiyarmu tana can, ƙafafunta ba za su kai ta ƙauye ba. Wannan tsayawar ce kaɗai sallamar da za ta yi da shi.

Rabona da hanyar tun kafin a faɗaɗa ta. Ta yi kyau, babu musu. Inda motoci ke bin juna a da, yanzu kafaɗa da kafaɗa suke jeruwa, kuma duk a tsaye. Waɗanda suka saba bin lunguna sun dawo kan kwalta. Tankokin mai daga Rido sun kama gefe guda, masu keke Napep sun cike abin da ya rage. Wata mai tallar ƙosai ta iso mu a ƙafa, ta sayar mana, ta wuce mu. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa bai bi shi ba.

Da muka zo daidai gidan, sai ga shingen kankare ya raba titin biyu. Muna hangen rumfa da kujeru a tsallake, amma wurin juyawa yana can gaba, layinsa ba a ganin ƙarshensa.

Direba ya ce, "Oga, in muka shiga layin nan, da tocila za a binne shi. Mu wuce kawai, Mama za ta gane."

Kawunmu bai ko dube shi ba. "Ɗan nan, buɗe bayan motar."

Muka saɓa akwatin gawar a kafaɗa, muka miƙa shi ta kan shingen. Wani mai keke ya kashe injinsa, ya cire hula, ya tare mana motoci. Babu wanda ya danna hon. Da muka isa ƙofar gida, Mama ta ɗora tafinta a kan akwatin, ta kira shi da sunan da ita kaɗai ke kiransa da shi. Sannan ta ce, "To, ku je."

An binne shi da sauran rana. Washegari muka dawo, muka tarar da cunkoson inda muka bar shi. Abin da na gani shi ne, titi in ya ƙara faɗi motoci kan cika shi, tsallakensa kuma ya ƙara nisa.

Da na shiga gida Mama ta tambaye ni ko hanya ta yi kyau. Na ce mata ta yi faɗi.