Kifi Mai Doro da Korar Baba Iro

Har gobe ban manta da ranar da bakina ya raba Baba Iro da aikinsa ba. Lokacin na shekara tara ina aiki a wani shagon kifi a unguwar Ka'akiyya, can ƙasa mai tsarki, ni ne babban mai yanka. Ƙa'idar wurin, in kaya sun iso, mai kula da tallaja, wato ɗakin sanyi, shi ke karɓa ya jera. Washegari ni zan buɗe kwali in duba. Abin da na ce, shi mudir, wato manajan shagon, ke ɗauka.

Baba Iro ne mai tallaja. Dattijo ne ɗan Maraɗi, ya zo Hajji ya zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama.

Ana gab da azumi aka kawo kifin salamon. Wanda na saba yanka bayansa sumul yake, tsokarsa ja kamar karas. Wannan kuwa ina buɗewa sai ga doro a baya, baki a lanƙwashe, tsoka a koɗe. Na ce ai narkewa ya yi ya kumbura, aka sake daskarar da shi.

Mudir ya ce, "Ka tabbata, ya Sale?"

Na ce, "Ni za a koya wa kifi?"

Baba Iro ya ce, "Ɗana, wallahi tallaja ba ta mutu ba. Sansana ka ji."

Ban sansana ba. Na riga na yi magana a gaban ma'aikata. Mudir ya ce, "Halas, shi ke nan, Iro, ɗauki jakarka." Marar takarda ina zai kai ƙara?

Bayan kwana uku wakilin kamfanin da ya aiko kayan ya zo. Ya ɗaga kifin yana dariya. Ya ce wani jinsi ne daga tekun Fasifik, lafiyarsa lau. Namijin, in lokacin komawa kogi don hayayyafa ya yi, doro ke fito masa. Ya ce Rashawa ma da haka suka raɗa masa suna, gorbusha, wato mai doro. Ya juya kwalin, ga sunan nan a rubuce. Ni ban iya karatun boko ba, kuma ban tambayi wanda ya iya ba.

Na bi Baba Iro unguwarsu, Hindawiyya. Maƙwabcinsa ya ce ya fita neman wani aikin aka kama shi a hanya, yana tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Ban sake ganinsa ba.

Ku da ke riƙe da wuƙa yanzu, abin da ke cikin teku ya fi ƙarfin sanin mutum ɗaya. In baƙon kaya ya zo, ku ce ba ku sani ba. Ni kunyar faɗin haka na ji, dattijon da bai ji ba bai gani ba ya kwana a ciki.