Matakala Arba'in da Bakwai

Shekarun baya, lokacin muna zaune a saman dutse ta bayan titin Mansur, na taɓa sasanta wata rigima a lungunmu. Har yau in na tuna sai in ji gajiya ta sauko mini a kafaɗa. Ba a rasa rai ba, ba a kai ga hukuma ba, mutane ma yabona suka yi ta yi. Yabon ne ya fi damuna.

Lungun namu matakala ne tun daga bakin titi har ƙofar gidanmu, mota ba ta shiga. Masallacin unguwa yana ƙasa, gidanmu yana sama, tsakaninsu matakala arba'in da bakwai. Ni da aka haifa a gidan ban taɓa ƙirgawa ba. Mahaifina ne ya ƙirga, bayan ciwon suga ya tafi da idanunsa. Da sandarsa a hannun dama, hannun hagu yana shafa bango, haka yake sauka salla ya dawo shi kaɗai. Ba ya son a riƙe shi. In ka kai hannu sai ya janye nasa ya ce, "Halas, ya isa, na san hanyata." Wannan saukar ce kaɗai abin da ya rage masa da yake yi ba tare da ya nemi kowa ba, kuma duk gidan mun san haka.

Ana nan sai babura suka shigo, waɗanda a nan muke ce wa dabbab. Samarin unguwa suka kama sana'ar kai kaya gida-gida: tukunyar gas, jarkokin ruwa, buhun shinkafa. Babbansu abokina ne, tare muka taso, tare muka sha dukan mahaifina a kan gudun karatun allo. Shi ya tara su wata Asabar, suka kwaɓa siminti suka shafe tsakiyar matakalar, suka yi wa babur hanya mai faɗin sallaya. Gefe da gefe suka bar wa masu ƙafa. Gaskiya ranar ni ma na ji daɗi, domin na gaji da hawa da tukunyar gas a kafaɗa ina nishi matata tana yi mini dariya ta taga.

Daɗin bai yi wata biyu ba. Babur in zai hau dutse sai an murɗa shi da ƙarfi, lungun kuma matsattse ne, ƙara ba ta da inda za ta fita sai cikin ɗakunan mutane. Jarirai ba sa barcin rana. Baƙin mai yana ɗiga a kan simintin, in mata sun wanke ƙofar gida ruwa ya bi ta kai, wurin ya zama santsi. Wata tsohuwa ta zame ta gurɗe ƙafa. Masu ƙafa suka ce tun kafin a haifi waɗannan yaran matakalar take nan, don mutane aka yi ta. Masu babur suka ce to wa ke kawo muku ruwa, wa ya sauko da matar maƙwabcinmu tela bakin titi ranar da naƙuda ta kama ta? Kowa yana da gaskiyarsa, kuma kowa ya ishe ni da ita, domin shagon da nake sayar da jakunkuna da sallaya yana bakin lungun, a nan ake tsayawa a sauke mini.

Daga baki abin ya koma hannu. Wani ya girke bulo a tsakiyar simintin, masu babur suka ɗauke. Aka dasa ƙarfe, suka zo da guduma suka tumɓuke. Maƙwabcinmu tela ya daina amsa sallamar abokina, alhali shi ne ya sauko masa da matarsa. Ni kuma na fi kowa ɗaga murya, kuma kullum hujjata ɗaya ce: mahaifina. "Dattijo makaho yana bin hanyar nan sau biyar a rana, ba ku jin tsoron Allah?" Da na faɗi haka sai kowa ya yi shiru, ni kuwa in ji kaina ya yi girma.

Abin da ban lura da shi ba, shi dattijon bai taɓa yin ƙorafi ba. In babur ya taso, tun daga nesa yake jin sa. Ya san ƙarar na abokina, ya san na ɗan gidan mai burodi da ke tari kafin ya tashi. Sai ya tsaya ya jingina da bango, ya bari a wuce, ya ci gaba da ƙirgensa daga inda ya tsaya. Akwai wuri ɗaya, a matakala ta talatin daga sama, inda bangon hagu ya ƙare a bakin wani ɗan lungu, dole ya tsallaka simintin ya kama bangon dama. A nan yakan ɗan dakata ya kasa kunne. In ya ji shiru, ya tsallaka.

Da rigima ta ƙi ƙarewa, liman ya ce a zauna bayan La'asar. Muka cika masallaci, masu ƙafa a gefe, masu babur a gefe suna wasa da makullansu. Aka yi ta magana har aka fara maimaita abin da aka riga aka faɗa. Sai na miƙe, na gyara murya irin ta wanda ya kwana yana tunani, na ce ga mafita. Hawa da babur, a daina shi daga kiran salla har a idar. Saukowa kuwa, ai gangara ce, ba ta bukatar inji: kowa ya kashe babur ɗinsa ya gangaro a hankali da birki. Ƙara ta ragu da rabi, su kuma sun huta da ƙona mai.

Liman ya ce, "Masha Allah." Tela ya gyaɗa kai. Abokina ya ce, "Tayyib, mun yarda," ya miƙo mini hannu. Aka yi fatiha aka tashi. Duk wannan zaman mahaifina yana sahun gaba da carbinsa, an ambace shi ya fi sau goma, babu wanda ya juya ya ce masa uffan. Muna hawa gida ina bayansa na ce, "Baba, ka ji dai an gama, yanzu za ka huta." Ya ce, "Su kashe inji?" Na ce eh. Ya ce, "To." Na ɗauki wannan "to" ɗin a matsayin sa albarka.

Kwana huɗu lungun ya yi tsit, ina ta karɓar gaisuwa a shago kamar wanda aka naɗa wa rawani. Rana ta biyar, kafin a kira Azahar, mahaifina ya fito da wuri kamar yadda ya saba. Ya kai ta talatin, ya kasa kunne, ya ji shiru, ya sa ƙafa. Abokina kuma yana gangarowa da tukwanen gas biyu a baya, inji a kashe, daidai yadda muka yi alkawari. Ya danne birki ya karkatar da babur ɗin ya gogi bango, ƙafarsa ta kwailaye tun daga gwiwa. Bai taɓa jikin Baba ba. Gefen tukunya ne kawai ya bugi sandar, ta fita daga hannunsa ta yi ta gangarawa har ƙasa.

Da aka kira ni na hau da gudu. Na tarar da shi zaune a kan matakala, hularsa a karkace, hannunsa yana laluben bangon da babu shi a wurin. Abokina yana durƙushe a gabansa jini na bin ƙafarsa, yana ta cewa, "Samihni ya Baffa, ka yafe mini, wallahi ban gan ka da wuri ba." Baba ya dafa kansa ya ce, "Ma'alesh, ba komai ɗana, tashi ka wanke ciwonka." Sannan ya juyo inda ya ji numfashina, ya yi ƙasa da murya don kada mutane su ji, ya ce, "Ban san a ta nawa nake ba." Ranar ce ta farko da ya bari na riƙe hannunsa har gida.

A ranar aka soke dokar tawa, ba tare da wani zama ba. Masu babur suka koma kunna inji, har da ƙarin hon a kowace kwana, ƙarar ta fi ta da, kuma babu wanda ya iya cewa komai. Na je na gaya wa Baba an gyara. Ya ce Allah ya yi albarka, amma da aka kira salla sai ya shimfiɗa sallayarsa a ɗaki. Washegari ma haka. Bayan mako guda na kasa haƙuri na ce, "Baba, ai sun kunna, za ka ji su." Ya ce, "Wanda ya kunna zan ji shi. In na ji shiru fa? Da can in na ji shiru na san hanya tawa ce. Yanzu ban sani ba." Na ce to ni zan riƙa sauka da shi. Ya ce, "Ka rufe shago sau biyar ka jawo ni kamar kaya?" Sannan ya ƙara da cewa, ba cikin faɗa ba, "Ina zaune a wurin fa ranar. Da ka tambaye ni."

 Na yi ta lallashi, matata ta yi, liman da kansa ya hawo. Wata biyu bai taka matakalar ba. Wanda ya ci nasara a ƙarshe abokina ne. Kullum sai ya zo ya zauna a ƙofar ɗaki da ƙafarsa a naɗe, ba ya roƙo, hira kawai. Wata Juma'a Baba ya ce a miƙo masa babbar rigarsa, ya hau bayan babur ɗin. Daga ranar abokina ke saukar da shi Azahar da La'asar da Magariba ya dawo da shi, duk inda aiki ya kai shi sai ya dawo a kan lokaci. Haka suka yi shekara uku har Allah ya karɓi abinsa. Da ƙafarsa dai bai ƙara sauka ba.

Yanzu duk mun bar unguwar, kowa ya kama gabansa. Tela da abokina sun shirya tuntuni, ba ma su tuna a kan me suka ɓata. Ni kuwa tun daga lokacin ba na miƙewa a taro. In aka ce a zo a yi shawara a kan wani, sai in duba ko yana wurin, in yana nan in ce a fara jin ta bakinsa. Ban ɗauki wannan wata hikima ba, na dai gaji da yadda muke iya yini muna faɗa saboda mutum alhali yana zaune kusa da mu. Gidan da nake yanzu ma babura suna damun mu da ƙara, maƙwabta suna zagi, ni ba na tanka musu.

Ranar da muka dawo daga jana'izar Baba, abokina ya zauna kusa da ni. Sai ya ce akwai abin da bai taɓa gaya mini ba. Duk lokacin da suke sauka, Baba yana riƙe da kafaɗarsa, sai ya riƙa jin yatsansa yana ɗan danna shi, ɗaya bayan ɗaya. Da farko ya ɗauka tasbihi ne. Daga baya ya lura kullum a bakin masallaci dannawar take ƙarewa, sai wata rana ya bi ta a zuci ya ƙirga. Na ce nawa ya samu? Ya ce, "Arba'in da bakwai. Shi ya sa ban taɓa yin sauri ba, kada in ɓata masa lissafi."