'Yar Mai Siminti

Mahaifina siminti yake sayarwa a Kano. Da shi ya ciyar da mu, da shi ya turo ni Landan karatun zanen gine-gine. Ni kuma, Allah da ikonsa, aikin da na samu shi ne ɓamɓare siminti daga jikin tsofaffin gidaje. Shekara uku ina ɓoye masa, don ina tsoron ya ce na raina abin da ya rufa mana asiri. In ya tambaya a waya sai in ce, "Gini muke yi, Baba," in yi maza in tambayi ƙafarsa.

Da ya zo ganin likita ya sauka wurina a unguwar Deptford, duk dogon benen gilashin da ya nuna sai in gyaɗa kai kamar da hannuna a ciki. Rannan ya zura babbar riga ya ce, "Uwata, yau sai na ga naki da idona." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Na ce wurin da nisa.

"To yi mana booking ɗin mota mana. Da ƙafa za mu?"

Gidan gona ne na dutse a ƙauye, ya girmi kakan kakansa. Kaurin bangon ya kai kamu biyu, tagogin 'yan mitsi-mitsi. Rufin ma dutse ne, manyan falale a ƙasa, suna ƙanƙancewa har ƙololuwa. Ƙofar gajera ce, ta yi masa sallama da cire hula. Ya kalli katakon rufin ciki, baƙi ƙirin kamar azara, ya leƙa murhun da sa zai iya kwanciya a ciki, ya raɗa mini, "Masu gidan ba su da hali ne?" Rumbunsu kaɗai ya yaba, don a kan duwatsu aka ɗora shi saboda ɓera, irin na garinsu.

A bayan ginin asirina ya tonu. Shugaban magina, wani dattijon Bature, yana kwaɓa farar ƙasa da yashi da gashin akuya. Ya nuna tulin simintin da muka ɓamɓare, ya yi ta zuba bayani.

"Me ya ce?"

"Ya ce siminti akwai ƙarfi, Baba."

"Uwata, na ji ya ce poison. Kwastomomina ba duka Hausawa ba ne."

Sai na faɗi gaskiya. Wani ya yaɓe bangon da siminti shekarun baya, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, dutsen ya fara ruɓewa daga ciki. Aikina in cire, in mayar da yaɓen da bango zai iya numfashi ta cikinsa.

Na jira faɗa. Ya ɗora tafinsa a inda muka buɗe, danshi ya jiƙa masa hannu, garin dutse ya zubo kan takalminsa. Ya daɗe bai ɗauke ba.

"Ribata ta farko," in ji shi, "ɗakin ƙasa na kakarki na yaɓa wa siminti da ita, don a san ta haifi ɗa. Har ta rasu tana cewa ɗakin ya daina shan iska, ƙashinta na ciwo. Na ce mata tsufa ne."

Ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya miƙa wa Baturen hannu ya ba shi gudumar ɓamɓare siminti.