Ragon da Na Shafa wa Shuni Bisa Kuskure

Ni malamin dabbobi ne, ba cikakken likita ba. A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, ni kaɗai mutanen unguwannin Nima da Maamobi suka sani. Da safe ina yi wa shanu allura a turken gwamnati, da yamma ina ƙofar gidana. Idan Babbar Sallah ta matso, duk mai sayen rago sai ya jawo shi in duba ko ya isa layya.

Tsarina ɗaya ne. Haƙori tukuna, sannan ido, sannan kunne, sannan ƙafa. Wanda ya cika lafiya in shafa masa shuni a gadon baya.

Wata shekara na yi mako uku ban huta ba. Babu inda ke mini ciwo, sai dai ina ji kamar a ƙarƙashin ruwa nake tafiya. Raguna su zo farare fat, su wuce kamar gajimare. Kukansu na iso ni daga nesa, har in ɗauka teku ce, alhali teku tana can bayan gari. Hannuna na aiki, ni ina wani wuri.

Ranar jajibere wata tsohuwa mai sayar da goro ta dawo da ragonta, shunina a bayansa. Ganinta ya yi rauni, da shunin ta dogara ta saya. Layyarta ta farko ke nan tun rasuwar mijinta.

"Dokta, kai ka shafa wannan?"

"Ni ne, Mma."

"To, kaɗa masa hannu ta hagu."

Na kaɗa. Bai ƙifta ba. Idon ya yi fari kamar koko, kuma mai ido ɗaya ba ya layya.

"Maƙwabciyata ce ta gani," in ji ta. "Rago makaho, mai rago makauniya, Dokta makaho. Wa zai ja wani?"

Ban yi dariya ba. Kasuwa ta riga ta watse. Na shiga cikin gida na kwance nawa ragon, na duba shi a gabanta sau biyu, na miƙa mata igiya. Ta daɗe tana kallon fuskata.

"Ɗana, kai ma da rago ne, da ba ka sami shuni ba. Je ka kwanta."

Shekarar ban yi layya ba. Bayan Idi ta aiko mini da cinya guda, soyayyiya. Na ci, na shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ban farka ba sai la'asar sakaliya.