Ban-ruwan Wardi da Yayen Jikata

Mun tashi da asuba daga Riruwai, ni da ƙanwar maigidana, a bayan motar masara. Za mu wajen 'yata, wadda ke aikin ban-ruwa a wata gonar fure kusa da Tiga tun da ciwo ya kwantar da mijinta. Ita ta aiko in zo, ba ta faɗi dalili ba.

Hanyar Doguwa sai haƙuri, wasu ramukan sun girme ni. A Tudun Wada muka sayi ƙosai, kowanne bai fi goro ba, har abokiyar tafiyata ta tambayi mai suyar ko da cokalin shayi take zubawa.

Da hantsi muka isa. Dogayen rumfunan leda ne, cikinsu zafi kamar madafa, ga wardi ja da fari a jere, wai na bikin manya ne a birni. Siraran bututu ke ɗiga ruwa a gindin kowanne. An manna takarda a ƙofa. Da yake na yi yaƙi da jahilci, na tsaya na haɗa baƙaƙen, lokutan ban-ruwa ne: ƙarfe shida, tara, sha biyu, uku, biyar. A ƙasa an rubuta ba a shiga da yara, saboda maganin feshi.

A gindin darbejiya na tarar da jikata, wajen mai awara, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Watanta goma sha ɗaya. Uwar na ciki tana buɗe famfo rumfa-rumfa, kafin ta gama zagaye ɗaya na gaba ya kusa. Da ta fito, gaban rigarta jiƙe yake da nono.

Na roƙi shugaban aikin ya sassauta mata. Ya rusuna ya gaishe ni, ya ce idan wardi ya yi ƙishin awa guda kansa lanƙwashewa yake, ba mai saye. Ban yi musu ba.

"Inna, tafiya za ki yi da ita, ki yaye mini ita," in ji 'yata, idonta a ƙasa. "In na bar nan, me za mu ci?"

Ni duk 'ya'yana sai da suka kusa shekara biyu na yaye su. Tana cikin ba ta nonon ƙarshe ƙarfe uku ya buga, ta zare ta, ta ɗora mini a baya.

Bayan magariba muka iso gida. Na dama kunu, yarinya ta kau da kai. Abin da na koyo a tafiyar nan bai da yawa: akwai inda ake tausayin ƙishi ƙwarai, in dai mai ƙishin zai sayu.