Huda Biyu a Gwiwar Yaya Liman

Ni wanzami ne ɗan wanzami, na ga kumburi iri-iri a rayuwata, amma gwiwar yayana ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah.

Yaya shi ke jan salla a masallacin ƙauyenmu, can wajen Maradun, inda muke noman shinkafa da ruwan dam ɗin Bakolori. Shekara uku gwiwarsa ta dama tana kumbura. Wasu suka ce sanyin ruwan kanal ɗin da ke kai ruwa gonaki ne, wasu suka ce wani abu ya taka. Ni kuwa na ce mataccen jini ne, domin a lokacin komai a wurina mataccen jini ne. Na kafa mata ƙaho ya fi a ƙirga. Sai ta ɗan saɓe, bayan mako biyu ta dawo kamar ƙwarya. Har ta daina lanƙwasuwa, ya koma salla a zaune. A wurinmu kuwa mai zaune ba ya jan na tsaye, don haka ya ba na'ibinsa gaba, ya koma ƙarshen sahu. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma na san abin yana cin sa.

Likitan Mafara ya zuƙe ruwan, ya sake taruwa, sai ya tura mu babban asibiti a birni. Can aka ɗauki hoto, likitan ƙashi ya ce kitse ne ya tsiro a cikin gwiwar har ya yi rassa. Ba ciwon daji ba ne, kuma ba kasafai ake samunsa ba. Ya ce za su huda wuri biyu, su zura kyamara ta ɗaya, su kankare ta ɗayan.

Na ce, "Likita, mutumin da ko tsoka ba shi da ita, ina yas samo kitse?"

Ya yi dariya kawai. Na roƙa a bar ni in shiga in gani, aka hana ni.

Ranar da aka buɗe bandejin, na leƙa, sai ga ɗinki biyu 'yan mitsi-mitsi. Raina ya ɓaci. Na tare likitan na ce, "Mi anka yi nan? Ko tsagar ƙahona ta hi wagga!"

Bai ji haushi ba. Ya ja ni ofishinsa ya kunna min kwamfuta, sai ga cikin gwiwar Yaya tarwai. Wasu abubuwa ruwan ɗorawa suna ta rangaji a cikin ruwa, tamkar ciyawar da ke toshe mana kanal, ga wani ɗan bakin ƙarfe yana cinye su. Sau uku na sa ya maimaita. Na tambaye shi ta ina haske ke shiga, ta ina kitsen ke fita, da me suke wanke ƙarfen. Duk ya amsa, sannan ya ce, "Don Allah kada aska ta kusanci gwiwar nan."

Da muka dawo gida akwai sauran kumburi. 'Yan dubiya suna ɗaga zane su duba, su taɓe baki, wai ba a yi aiki ba tunda babu tabo. Suka dame ni in ƙarasa da sakiya, in huda ta da ƙarfe mai zafi. Ina jin kunyar faɗa, amma sai da na sa ƙarfen a wuta.

Yaya ya dube ni ya ce, "Duk garin ga kai ɗai kag ga cikinta. Hwaɗa min, mi ƙarhenka za shi iske can?"

Na tuna ƙarshen hoton nan, wurin fes, babu ko reshe ɗaya. Na zare ƙarfen na tsoma a ruwa.

Yaya ya ci gaba da motsa ƙafar yadda aka koya masa a asibiti. Bayan wata biyu, da la'asar, aka ta da iƙama, sai na ga ya wuce gaba. Allah ya yafe min, ranar idona na kan gwiwar liman har aka kai sujada. Ta lanƙwashe. Ya zauna a kanta ya yi tahiya, ni kuwa hawaye ya hana ni ganin tabarma.

Shekara uku ina tsaga abin da ban taɓa gani ba, kuma saura kaɗan in ƙone aikin wanda ya gani. Tun daga ranar, duk kumburin da ban san cikinsa ba, sai in mayar da askata cikin zabira in ce a je a leƙa tukuna.