Baba Bulus, Mai Zama a Kujerar Baya

Ina shanya citta a bayan gida lokacin da sakataren zumuntar maza na ikilisiyarmu ya kira ni a waya, ya ce Baba Bulus makanike ya huta. Na san ya kwanta jinya, amma ban zaci tafiyar ta zo ba. Na zauna a kan buhu, idona ya sauka a kan tsohuwar motata, sai hawaye ya zo.

Ni manomi ne a wani ƙauye bayan Zonkwa, shi kuma garejinsa yana Kafanchan. Zumunta ce ta haɗa mu, amma mahaifiyata, wadda kowa ke kira Kaka, ita ce ta sa na san shi sosai.

Mu manoman citta muna da wata dabara da muke ganin wayo ce. In mutum ya sayi mota, sai ya sa a yanka tsohuwar taya a cusa a cikin sifirin na baya, wato ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, don kada motar ta durƙusa in an loda buhuna. Haka na yi. Mota ta ɗauki kaya kam, amma in babu kaya sai ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya. Da ciwon baya ya kama Kaka, likita ya ce a riƙa kawo ta asibiti a Kafanchan akai-akai. Bayan 'yan zuwa kaɗan ta ce ita da motar nan har abada, gara ta mutu a ɗakinta. Maganinta ya ƙare, ƙafafunta suka fara nauyi, kuma Kaka in ta ce a'a, ko fasto bai isa ya juya ta ba.

Na kai wa Baba Bulus motar, na ce ya sa mini shokozoba, abin nan mai shanye girgizar rami, mafi laushi da ke kasuwa. Bai ko leƙa ƙarƙashinta ba. Ya tambaye ni abin da yake tambayar kowa: "Wa ke zama a baya?"

Na gaya masa. Sai ya buɗe ƙofar baya ya zauna, ya ce in ja mu tafi. Haka yake aiki, ba ya taɓa sifana sai ya ɗanɗana kujerar baya da jikinsa. Muka bi wata hanya mai gargada, kansa yana bugun rufi. Da muka tsaya ya fito yana dafe da ƙugu.

"Ɗan'uwa, wannan ba mota ba ne, turmi ne," in ji shi. "Mama ya yi haƙuri da kai sosai. Mai sitiyari ba ya jin rami, na baya ne ke ji."

Amma laushin da na roƙa ya hana ni. Ya ce in ta cika laushi, ranar da na lodo citta na shiga kwana za ta kwanta gefe ta zubar da ni. "In ya yi tauri, ya karya tsohuwa. In ya yi laushi, ya kashe ɗanta. To wanne kake so in yi wa Mama?"

Ya ciro guntayen tayar nan, ya nemo sifirin mai matsakaicin ƙarfi, ya sa sabon shokozoba, ya canja robobin da suka mutu, ya rage iskar taya. Ya gwada ta babu kaya, ina tuƙi yana zaune a baya, ya kuma sa muka loda buhuna ya tuƙa da kansa a hanya mai kwana-kwana. Ya sake kwancewa ya gyara, ba tare da ƙosawa ba. Sannan ya ja mini kunne in rage lodi, ko da zan yi sawu biyu.

Abin da ba zan manta ba shi ne, ya rufe gareji ya bi ni har ƙauye. Ya durƙusa ya gaida Kaka, ya ce, "Mama, ni ma tsoho ne, bayana yana ciwo. Zan zauna kusa da ke. In kin ji zafi, mu sauka tare mu dawo da ƙafa." Kaka ta yi dariya, ta shiga. Tun daga ranar ba ta sake ƙin zuwa asibiti ba, kuma har yau da sandarta take zuwa sujada.

Ranar jana'iza aka ce in ɗauki matarsa, Mama Rifkatu, zuwa ƙauyensu. 'Ya'yanta sun ce tun rasuwar ba ta runtsa ba. Ta zauna a baya, Kaka na gefenta, don Kaka ta ce sai ta raka mutuminta. Hanyar ta lalace ƙwarai. Da na duba madubi, sai na ga Mama Rifkatu ta jingina kai a kafaɗar Kaka tana barci. Kaka ta ɗaga mini hannu, ta ce a hankali, "Tafi kawai, aikin mijinta ne ke riƙe da ita."

Ubangiji ya yi wa bawansa Bulus jinƙai, ya ba shi hutu a wurin Yesu Almasihu. Ya ta'azantar da Mama Rifkatu da 'ya'yansu da jikoki, ya riƙe su a hanyar da ta rage musu, kamar yadda ya riƙe masu zama a bayan motocinmu da hannun mahaifinsu. Amin.